Faɗuwar Hajiya Barakatu

Hajiya Barakatu ba ta taɓa faɗuwa ba a rayuwarta sai da ɗanta Nuraddeen ya shiga karatun tafiyar da gidan kula da tsofaffi. Kafin nan, in akwai abin da tsohuwar take taƙama da shi a duniya, to ƙafafunta ne. Su suke fito da ita daga lungunsu na unguwar Mahjar a Jidda da sassafe, ƙunshin kaya a ka, su hau da ita bas su sauke ta a kasuwar Bab Makka, inda take shimfiɗa buhu ta kasa kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kusa da aminiyarta Dela mai gyaɗa. In 'yan baladiya, ma'aikatan hukumar gari, suka ɓullo korar masu kasa kaya a titi, kafin 'yan mata su gama tattara robobinsu ita ta sha kwana da kayanta, wani lokacin har da na Dela. Ta haura saba'in, amma in ta zauna a ƙasa ba ta dafa komai wajen tashi.

Nuraddeen ma'aikacin karɓar baƙi ne a wani ƙaramin asibitin kuɗi. Ya ji ana ta buɗe cibiyoyin kula da tsofaffi a gari kuma manajoji ake nema, sai ya shiga wata difloma ta yamma da ake yi ta kwamfuta. Malaminsu ya ce ilimin nan ba ya zama a kai sai an gwada shi a aikace. Nuraddeen ya duba gabas ya duba yamma bai ga tsohon da zai tsaya a yi gwaji a kansa ba, sai ya tuna ashe yana da uwa.

Bayan babbar salla ya je Mahjar da motarsa ya ɗauko ta, wai ta zo gidansa a unguwar Safa ta huta kwana biyu. A gaban maƙwabta ya ɗaga murya ya ce shi ba ya cikin 'ya'yan zamani masu kai iyayensu gidan tsofaffi su yar, Allah ya tsare shi da wannan abin kunya. Mata suka yi ta sa masa albarka. Kuma a yi masa adalci, ya cika alkawari, bai kai ta ba. Gidan tsofaffin ya ɗauko ya kawo mata har ɗaki.

Ɗakin da aka ba ta a hawa na uku yana da gado mai tudu da kujera mai hannu. Da gari ya waye ta dube su ta ga ba su yi mata kama da wurin zama ba, ta shimfiɗa dardumarta a ƙasa, ta miƙe ƙafa tana kurɓar shayi. Nuraddeen ya turo ƙofa. Yana ganinta ya saki salati, ya durƙusa, ya ce kada ta motsa. Ya haska mata fitilar waya a ido, ya shafa ƙeyarta, ya matsa mata ƙugu. Sannan ya tambaye ta sunanta, da ranar da ake ciki, da ko ta gane shi.

"Na gane ka mana," in ji ta. "Kai ne wanda ya yi ta jiƙa mini shimfiɗa har ka shiga aji uku. Lafiya?"

"Inna, kin faɗi."

"A ina?"

"Ga ki a ƙasa."

Ta ce zama ta yi. Ya yi mata bayani a tsanake, irin bayanin da ake yi wa yaro, cewa a nizaminsu, wato tsarin aikin, duk nazilar da aka tarar a ƙasa ba wanda ya ga saukarta, to faɗuwa ce, ko da dariya aka same ta tana yi. Nazila kuwa ita ce tsohuwar da take zaune a cibiya, wato ita ke nan daga yau. Ta sake cewa zama ta yi, da ƙafafunta da hankalinta. Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce malaminsu ya riga ya gargaɗe su, duk wanda ya faɗi haka yake cewa.

Da farko abin dariya ta ɗauke shi. Ta ce yaro ya samu sabon karatu, a bar shi ya yi ɗokinsa ya gama. Sai dai wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa zama gida ɗaya da tsohuwar Bahaushiya ba. Ita a ƙasa take cin abinci, a ƙasa take jan carbi, a ƙasa take tsefe kai, in rana ta take ta kishingiɗa a kan tayil ta ji sanyi a haƙarƙarinta. Ranar Juma'a ce, Nuraddeen yana gida, saboda haka kafin magariba faɗuwar da ta yi ta fi ƙarfin yatsun hannu ɗaya. Da la'asar ma a sujada ya same ta. Ya dai yi ladabi ya jira ta sallame, sannan ya ce goshi a ƙasa, gwiwa a ƙasa, tafin hannu a ƙasa, kuma ba shaida, shi bai san da bakin da zai kare wannan a gaban malami ba.

Ya kira taron ma'aikata, wato shi da matarsa Ilham. Ya sanar da cewa nazilar tana cikin masu haɗarin faɗuwa na ajin farko, ya ɗaura wa uwarsa wata roba rawaya a hannu don kowa ya sani, duk da cewa kowan su biyu ne. Ilham haifaffiyar Jidda ce, tana jin Hausa sarai amma in za ta mayar sai ta yi mata ƙari da Larabci. Ita aka naɗa shaidar salla. Duk lokacin da aka kira sai ta zo ta jingina da ƙofa tana latsa waya, surukarta ta sauka ƙasa a kan idonta, ta tashi a kan idonta. Barakatu ba ta taɓa jin salla ta yi mata nauyi haka ba, don ba ta iya tsawaita sujada alhali 'yar mutane tana tsaye tana hamma.

Ilham ba muguwa ba ce, barcin asuba ne ya fi ƙarfinta. Ba a daɗe ba ta ce wa mijinta ita fa aure ta zo yi ba gadi ba. Nuraddeen ya ce ai addini sauƙi ne. Ya jawo kujera mai hannun nan ya juya ta gabas, ya kunna wa uwarsa wa'azin wani malami da ya ce mara lafiya yana iya salla a zaune. Ta ce ita lafiyarta ƙalau. Ya ce mai lafiya ƙalau ba ta yawan faɗuwa haka. Ya naɗe dardumar ya ɗora a saman kabad.

A nan ta gane abin ya wuce wasa. Ta ɗaure kayanta a zani ta ce hutun ya isa, kukarta tana can tana shan danshi, Dela kuma ba ta iya tsare wuri biyu. Sai a lokacin ya gaya mata ɗakin Mahjar tuni ya mayar wa mai gida da makullinsa, kayan miyar kuwa ya raba wa maƙwabta sadaka da sunanta, Allah ya kai mata ladan.

"Kuma Inna, kada ki manta iƙamarki, takardar zamanki a ƙasar nan, da sunana take. Ni ne kafilinki. In wani abu ya same ki a titi, ni hukuma za ta tambaya."

"Ni na haife ka, kai ne kafilina?"

"A takarda, Inna."

Ta ɗauki ƙunshinta duk da haka ta nufi ƙofa, ta tarar an sa wani makulli mai lambobi. Tana tsaye tana danna abin da ta ga dama, shi kuwa yana bayanta yana kallo da murnar ɗalibin da ya ga misalin littafi ya fito a fili. Ashe babin da suke kai ke nan, babin tsofaffi masu neman ficewa. Ya ce wa Ilham alamar ruɗewa ce, sai su ɗaure kaya su ce za su tafi gida alhali a gida suke.

Ta kira 'yarta Naja'atu da take aure a Madina ta kai mata kuka. Naja'atu ta ce ta yi haƙuri ta gode wa Allah, ita ta ga hoton ɗakin, ko otal sai haka, ga iyaye nan da yawa da 'ya'yansu ko waya ba sa yi musu. Ta ƙara da cewa ai dama an daɗe ana yi musu gori a wajen biki, uwarsu tana tallan daddawa a titi ana korarta kamar wadda ba ta haifa ba. Barakatu ta ce da daddawar nan aka yi musu karatu. Naja'atu ta ce shi ya sa yanzu lokacin hutu ya yi.

Sabon gado ya iso, na asibiti, da ƙarfe a gefe biyu da rimot ɗin ɗaga kai da sauke shi. A ƙasansa aka shimfiɗa wata tabarmar roba mai ƙararrawa, ƙafa na taɓa ta sai ta ƙwalla ihu har maƙwabta su leƙo. Tsohuwar da ta ƙare rayuwarta a kan tabarma, yau tabarma ce mai kai ƙararta. In za ta banɗaki sai ta danna wani maɓalli ta jira, a zo a sauke ƙarfe, a kashe ƙararrawa, a ɗora ta a keken guragu, a tura ta tafiyar da ba ta kai tsawon falo ba.

Barakatu ta san abin da take tsoro. Ta sha ganin matan kasuwa da zazzaɓi ya kwantar 'yan makonni, suka warke amma ba su ƙara iya hawa bas ba. Saboda haka ta shiga sata. Bayan azahar, Nuraddeen yana wajen aiki, Ilham tana ƙailula, sai ta zame ta ƙarshen gado inda ƙarfen bai kai ba, ta tsallake tabarmar, ta zagaya ɗakin a kan tafin ƙafarta. Ta zauna a ƙasa ta tashi, ta zauna ta tashi, ta yi nafila da doguwar sujada a kan tayil, sannan ta koma ta kwanta ta ja mayafi kamar ba ita ba. Abin yana ba ta dariya yana kuma ba ta haushi, tsofai-tsofai da ita tana satar tafiya a gidan ɗan da ita ta koya masa tafiyar.

Akwai wani ɗan baƙin abu a saman labule da ta ɗauka na fesa turare ne. Kyamara ce. Ranar da Nuraddeen ya tuna ya duba ta a wayarsa, bai jira tashi daga aiki ba. Ya shigo idonsa cike da ƙwalla, ya ce haura ƙarfen gado shi ne abu mafi haɗari a duk littafin, so take ta mutu ta bar shi da abin faɗa? Kukan nasa na gaske ne. Aka ƙara ƙarfe a ƙarshen gadon, aka ƙara tabarma ta biyu, aka matsar da kujerar ma, tunda mai kwance tana iya salla da ishara.

Daga nan babi-babi suka riƙa sauka a kanta. Da suka kai babin santsi, aka ce tayil ɗin banɗaki ba abin yarda ba ne, aka kawo mata dutse a faranti ta riƙa taimama, ga famfo tana jin ɗigarsa ta bango. Da suka kai babin shaƙewa, aka zuba tuwo da miya da nama a injin markaɗe, aka kawo mata wani koren abu a kofi da ɗan cokali. Haƙoranta biyu ne kawai suka fita, sauran suna nan suna fasa goro, amma goron ma an hana. Ranar da Ilham ta shigo da ƙunzugun manya, hafaza suke ce masa, Barakatu ta juya fuska bango ta yi kukan da rabonta da shi tun rasuwar mijinta.

"Ma'alesh ya Hajja, yi haƙuri," in ji Ilham, ita ma ba ta iya kallonta. "Nizam ne. Wallahi ni ma ba na so."

Ba ta so, amma ta sa mata. Kuma can ƙasan ranta ta fi samun sauƙi, tsohuwar tana wuri ɗaya, ba warin daddawa a kicin, ba mai gyara mata yadda ake tuƙin tuwo. Barakatu kuwa ta rage shan ruwa don kada ta jiƙa abin, leɓenta ya bushe ya tsattsage. Nuraddeen ya lura, ya ce rashin son ruwa ma yana cikin littafin.

Dela ta gaji da jiran labari ta tako har Safa. Zuwan farko aka mayar da ita daga bakin ƙofa, wai ba lokacin ziyara ba ne, lokacin ziyara bayan la'asar ne ranar Alhamis. Ta tambaya asibiti ne nan ko gidan yari, Ilham ta ce gida ne. Ranar Alhamis ta dawo. Aka fesa mata wani ruwa mai yaji a hannu, aka karɓe ƙullin gyaɗar da ta kawo, aka nuna mata kujera. Dela ta ture kujerar da ƙafa ta zube a ƙasa ta miƙe. Nuraddeen ya zabura zai ce kada ta motsa, sai ya tuna ita baƙuwa ce, faɗuwarta ba ta shafi cibiyarsa ba.

Suka gaisa, Dela ta kawo labarin kasuwa, wadda ta aurar da 'ya, wadda aka kama aka mayar da ita ƙasarsu, da wata 'yar Nijar da ta gaje wurin Barakatu tana sayar da kukar da rabinta gari ne. Tana cikin magana ta ɗaga mayafin don ta matsa wa aminiyarta ƙafa, sai ta tsaya tana kallo.

"Barakatu, ina sharaɓarki?"

Barakatu ta ɗaga kanta da rimot ta duba. Ta daɗe ba ta dubi ƙafafun da kyau ba. Sun zama kamar muciya biyu da aka jera a kan zanin gado, fatar ta saki, dugadugan da a da ko ƙusa ba ta huda su sun yi laushi sun yi fari. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji ba ko ranar da motar baladiya ta biyo su har cikin lungu.

Bayan tafiyar Dela ta kira ɗanta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi gori ba, ta riƙo hannunsa kawai.

"Nuraddeen, ka dubi Allah ka bar ni in taka ƙasa. Ƙafafuna suna mutuwa ina kallo. Ba na neman Mahjar, ba na neman kasuwa. Daga gadon nan zuwa ƙofa kawai."

Ya shafa hannunta ya ce ta ƙara haƙuri. Tun da aka kammala ƙarafan nan ba ta ƙara faɗuwa ba ko sau ɗaya, malaminsu ya karanta rahotonsa a gaban duka aji, har wani ɗan Masar ya nemi ya koya masa sirrin. In ta sauka yanzu wani abu ya faru, duk wahalar da suka sha tare ta tashi a banza. Ta tambaye shi wace wahala ya sha. Ya ce ta bari ya gama jarrabawa, shi ke nan, daga nan sai abin da ta ce.

Ana gab da azumi suka kai babin ƙarshe. Nuraddeen ya shigo da hantsi fuskarsa tana walƙiya, ya ce yau ya zo mata da albishir. Babin motsa jiki ne da mutunta al'adar nazila. Malam ya ce kwanciya ita ce babbar abokiyar gaban tsoho, abin da gado ya ci a mako wata ba ya mayar da shi, kuma a bar kowane tsoho ya zauna yadda ya saba, ko da a ƙasa ne. Yana faɗa mata yana ɗaga yatsa kamar shi ya gano. Ta tambaye shi me ya hana a fara da wannan babin. Ya ce manhaja ce, bi da bi take tafiya, ba a tsallake.

Ya sauke ƙarfe, ya naɗe tabarmin, ya miƙa wa Ilham waya ta ɗauki bidiyo, don jarrabawar tana buƙatar a ga nazila tana tafiya. Duk da abin da ya wuce, zuciyar Barakatu ta cika da murna, har ta gyara ɗankwali. Ya zuro mata ƙafafu ƙasa. Sanyin tayil ya ratsa tafinta, ta lumshe ido.

"Yalla, Inna, bismilla."

Ta yunƙura kamar yadda ta saba yunƙurawa tun tana yarinya, ba ta dafa komai ba. Ta miƙe, ta tsaya daidai numfashi ɗaya, sannan gwiwoyinta suka naɗe kamar jiƙaƙƙen tsumma. Yana riƙe da gwiwar hannunta amma ta zame masa, ƙugunta ya daki tayil, kafaɗarta ta biyo baya. Ta yi ƙoƙarin jawo gwiwoyinta ƙarƙashinta ta tashi, ta umarce su, ta roƙe su, ko motsi mai amfani ba su yi ba.

"Na faɗi," ta ce a hankali. "Nuraddeen, wannan karon na faɗi."

"A'a, Inna. Ina riƙe da ke, ga kuma shaida. Wannan saukarwa muke ce mata, ba ta shiga lissafi."

Ya ce wa Ilham ta yanke ƙarshen bidiyon, ta bar daidai inda aka ga ta miƙe. Da wannan guntun ya ci jarrabawa.

An ƙara gwadawa sau ɗaya ko biyu a cikin azumi, ƙafafun suka ƙi. Likitan da aka kawo ya ce ba karaya, amma sai an yi watanni ana gasa su ana motsa su kullum, kuma ko da hakan bai yi alkawari ba. Nuraddeen ba shi da watanni, don ya samu aikin mataimakin manaja a wata cibiya can arewacin gari, tun safe sai isha. Ilham ta ce ita kaɗai ba ta iya ɗaga mutum, bayanta yana ciwo. Aka mayar da ƙarafan, yanzu kam da dalili, don in ta mirgina ba abin da zai tare ta.

Duk wanda ya zo dubiya, Nuraddeen yakan ce shekaru ne, shi tun safiyar farko ya ga alamar, da bai yi saurin ɗauko ta ba da a tsakiyar titi za ta zube. Abin da ya fi ciwo, ba ƙarya yake shiryawa ba, ya yarda da abin da yake faɗa har zuciyarsa. Masu dubiya su kalli na'urar sanyi, su kalli farin zanin gado, su kalli rimot, su ce Allah ya ba mu 'ya'ya irinsa. Da dukanta ya yi, da tuni dattawa sun kira shi sun yi masa tas. Da yunwa ya bar ta, da mata sun yi da shi a kowane gidan suna. Amma mutum ya cinye ƙafafun uwarsa da ladabi da biyayya da difloma, wannan ba wanda ya san sunan da zai kira shi, sai aka kira shi jin ƙai. Har aka ba shi lasifika a wani taron 'yan'uwa ya yi wa matasa lacca kan haƙƙin iyaye.

Bayan ƙaramar salla Dela ta sake zuwa, wannan karon ɗanta Badaru, direban motar kai kaya, shi ya kawo ta da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Dela ta wuce ɗakin ta zube a ƙasa tana yabon yaron, wai tun da ya je laccar nan ya canza, kullum sai ya leƙo ya tambayi lafiyarta. Kunnenta na hagu ya daɗe da yin nauyi, ba ta jin abin da ake faɗa a falo. Barakatu kuwa kwanciya ta wasa mata kunne. Ta ji Badaru yana tambayar inda ake samun irin gadon nan. Ta ji ya ce abin yana damunsa, duk lokacin da ya shiga ɗakin tsohuwarsa a ƙasa yake samunta. Ta ji ɗanta ya tambaye shi ko yana ganin saukarta. Badaru ya ce a'a. Nuraddeen ya ja numfashi ya ce to, ai ka ji.

"Dela," in ji Barakatu, "tashi tsaye."

Dela ta miƙe tsam, tana tambayar ko wani abu za ta miƙo mata.

"Je ki bango ki dawo."

Dela ta yi dariya ta ce yau kuma wane sabon iyayi ne, amma ta je ta dawo. Barakatu ta ce ta sake. Ta bi ƙafafun da kallo, baƙaƙe, masu faso, da jijiyoyi a tashe, suna taka tayil kamar ba wani abu ba ne. Ta kalla har ta ƙoshi, sannan ta jawo aminiyarta ta ƙarfen gadon, ta sa baki a kunnenta mai kyau, ta gaya mata abin da ake ƙullawa a falo.

"Ki bi ta ƙofar kicin. Kada ki tsaya jiran lif, ki bi matakala. Kada ki shiga motar Badaru, duk abin da zai ce miki. Ki wuce Makka wajen ƙanwarki ki zauna sai ya manta. Kuma kada ki ƙara zuwa gidan nan."

"To wa zai riƙa zuwa ganinki?"

"Ba kowa. Tafi."

Dela ta dubi abin da yake ƙarƙashin mayafin, ta dubi ƙofa. Ta sunkuya ta sumbaci goshin Barakatu ta tsakanin ƙarafa, hawayenta ya ɗiga a kan farin zanin, ta ɗauki silifas ɗinta a hannu ta fita. Barakatu ta ji ƙofar kicin ta buɗe ta rufe. Ta ji an tsaya an sa takalmi. Ta kasa kunne tana bin ƙararsa a kan matakala, hawa bayan hawa, da sauri, har ta daina ji.

A falo, Nuraddeen yana ce wa Badaru ya fara ɗauko Dela ya ajiye ta a gidansa tukuna, gadon zai iya biyo baya.